IN ƘOFAR MOTA TA CIJE A KASUWAR GOMBE

Duk wanda ya saba zuwa babbar kasuwar Gombe da hantsi ba zai rasa ganin wannan abu ba, ko da sau ɗaya. Mutum ya gama cinikinsa, ɗan dako na biye da shi da kaya cikin baro, ya iso inda ya ajiye motarsa, ya sa makulli ya murɗa, ya kama hannun ƙofa ya ja, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake ja da ƙarfi, shiru. Kafin a jima jama'a sun kewaye shi, kowa da irin tasa dabara. Wannan ya ce a ɗura man birki a ramin makulli, wancan ya ce a doka ƙofar da ƙafa, wani kuma tuni ya tsinto waya yana lanƙwasa bakinta.

Yawanci da dariya a ke ƙare irin wannan taro. Maigida ya shiga ta ɗaya gefen, ya tsallaka giya da babbar riga, ya ja motarsa ya tafi, ya kuwa manta da zancen gyara har sai wata rana. To, a nan matsalar ta ke. Ƙofar da ta cije yau a bakin kasuwa, babu kowa cikin mota, ita ce za ta cije gobe da yaro a ciki, ko kuwa a kan hanyar Yola bayan mota ta faɗi. Saboda haka ya kamata kowane mai mota, da direba, da fasinja, su san abin da ke cikin ƙofar nan, su kuma san lokacin haƙuri da lokacin da haƙuri ya zama ganganci.

GARIN MOTOCI

Gombe gari ne da kasuwanci da sufuri suka raya. A shekarar 1919 aka mai da hedkwatar masarauta nan daga Nafaɗa. Noman auduga ya jawo baƙi daga ko'ina, jirgin ƙasa ya iso a 1963, sa'an nan masana'antar siminti ta Ashaka ta fara aiki a 1979. Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga Jihar Bauchi ran 1 ga Oktoba, 1996, sai garin ya ƙara cika ya batse. Hanyoyi sun haɗu a nan daga Bauchi, da Dukku, da Potiskum, da Biu, da Yola, kowace kuwa tana zubo motoci, waɗansu su nufi babbar kasuwa, waɗansu Tudun Hatsi, waɗansu su tsaya a tasha.

Motocin nan kuwa akasarinsu sun sha jiki. A zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, cikin ƙofa ba wani abu ba ne illa sandunan ƙarfe da sifirin, kowane bakanike ya san kansu. Daga baya kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda a ke kira 'yan Beljiyam ko Tokumbo. Mota ta yi shekara goma ko fiye a ƙasar sanyi da gishirin titi, sa'an nan ta zo ta fara sabuwar rayuwa cikin ƙurar hunturu da zafin bazara. Ƙofarta tana cike da roba da wayoyin lantarki waɗanda tsufa ya riga ya kama tun kafin su sauka a tashar jirgin ruwa.

ABIN DA KE CIKIN ƘOFA

Wanda ya buɗe ƙofar motarsa ya duba gefenta zai ga wata 'yar tsaga, da wani ƙarfe mai baki kamar ƙugiya a cikinta. A jikin ginshiƙin mota kuma, daura da tsagar, akwai wani ƙarfe mai kauri da aka ɗaure da noti. In an rufe ƙofa, ƙugiyar nan ta kan juya ta rungume ƙarfen ginshiƙi, sa'an nan wani ɗan harshen ƙarfe ya faɗa bayanta ya tokare ta don kada ta koma. Aikin hannun ƙofa, na waje da na ciki, shi ne ɗaga wannan harshe ta hanyar sanda ko igiyar waya. Da zarar harshe ya ɗaga, ƙugiya ta saki, ƙofa ta buɗe.

Ba banza aka yi wannan sakata da taurin kai ba. A farkon shekarun 1950 masu bincike na Jami'ar Cornell ta Amurka suka bi diddigin haɗarurrukan mota, suka gano cewa ƙofofi na ɓallewa sa'ad da aka yi karo, mutane na faɗowa waje suna mutuwa. Daga motocin 1956 kamfanonin ƙasar suka fara sa sakata mai riƙe ƙofa ko da jikin mota ya lanƙwashe. A 1968 kuma doka ta fara aiki a can, wadda ta tilasta sakata ta zama mai hawa biyu, watau in riƙon farko ya kuɓuce na biyu ya tare. Shi ya sa in ba a tura ƙofa sosai ba ta kan kama rabi, ba ta rufe ba, ba ta kuma buɗe ba. Abin da aka ƙera domin ya jure karon mota kuwa, ƙarfin damtsen mutum ba zai sa ya saki ba.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Kulle mota ba ƙara wata sakata ba ne kamar yadda a ke sa kwaɗo a ƙofar shago. Abin da makulli ko rimot ke yi shi ne raba hannun ƙofa da harshen nan, ta yadda ko an ja hannun sai ya tafi a banza. Saboda haka in abin da ke haɗa su ya maƙale, ja da ƙarfi ba ya haifar da kome sai karyewar hannun, a tashi da gyara biyu maimakon ɗaya.

ME KE SA TA CIJE?

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ba ta barin ko wace kafa, ta kan bi ta bakin gilashi ta sauka kan giris ɗin da ke jikin sakata. Giris da ƙura in sun gauraya su kan zama kamar taɓo, in zafi ya zo su bushe su ƙanƙame. Damina kuma ta zo da nata, gama ruwa na shiga cikin ƙofa, in 'yan ramukan da ke ƙarƙashinta sun toshe sai ya kwanta ya haifar da tsatsa.

Na biyu tsufan roba. Sandunan da ke cikin ƙofa da 'yan maɗaurai na roba aka haɗa su, rana kuwa tana gasa roba har ta yi ƙarau, wata rana ta ɓalle, sanda ta faɗi cikin ƙofa. Na uku nauyi. Ƙofar da a ke rataya da ita, ko a ke danna ta a kan buhunan da suka fi ƙarfin mota, ta kan sunkuya, ƙugiya ta daina haɗuwa da ƙarfen ginshiƙi daidai, ta matse. Na huɗu lantarki, watau batir ya yi sanyi, ko fis ya ƙone, ko ɗan injin da ke kulle ƙofa ya mutu, ko kuma wayoyin da suka ratsa tsakanin ƙofa da jikin mota sun tsinke saboda yawan buɗewa da rufewa. Na biyar makullin kansa. Wanda ya saba da rimot ya kan yi shekaru bai sa makulli a ƙofa ba, ran da bukata ta taso sai ya tarar ramin ya cushe. Makullin da aka yanka daga wani yankakke, shi ma daga wani yankakken, haƙoransa kan kauce kaɗan-kaɗan har ya daina murɗawa.

A FARA DA TAMBAYA

Gwanin bakanike ba ya fara ɗaukar guduma. Tambaya ya ke farawa da ita: ta ina ta ƙi buɗuwa? In tana buɗuwa ta ciki amma ta ƙi ta waje, to, sandar hannun waje ce ta kuɓuce, gyaran kuwa mai sauƙi ne tun da ya ke ana iya buɗe ƙofar a yi aiki a sarari. In ƙofar baya ce, tana buɗuwa ta waje amma ta ƙi ta ciki, a duba gefenta tukuna. Akwai wani ɗan maɓalli da aka sa domin hana yara buɗe ƙofa mota na tafiya, sau da yawa mai wankin mota ko yaro ne ya taɓa shi. A mai da shi wurinsa, shi ke nan, ba a kashe ko kwabo ba.

In kuwa ta ƙi ta ciki ta ƙi ta waje, to, sai a bi ta da lalama. A shiga ta wata ƙofar a duba ko bel, ko bakin riga, ko kunnen buhu ya maƙale a sakata. Mutum ɗaya ya danna ƙofar ciki da kafaɗarsa daga waje, kamar mai son ƙara rufe ta, sa'an nan a ja hannun a hankali. Dannawar ta kan rage nauyin da ke kan harshe har ya samu ya ɗaga. In ba ta yi ba, a kulle a buɗe sau da yawa, da rimot da makulli da maɓallin ciki, ana bubbuga daidai wurin sakata da tafin hannu, domin ɗan injin da ya gaji wani lokaci girgiza kaɗan ya ke jira. A kuma kasa kunne. In ana jin motsi cikin sauran ƙofofi ban da wannan, ciwon na cikinta. In duk ƙofofin sun yi tsit, a nufi batir da fis. Mai motar zamani kuma ya sani cewa cikin rimot ɗinsa akwai ɗan makullin ƙarfe a ɓoye, ramin sa shi kuwa yana hannun ƙofar direba, wani lokaci ƙarƙashin wani ɗan murfi na roba.

Game da mai, man birki yana cin fenti, baƙin mai kuma kiran ƙura ya ke yi, yau ya saki gobe ya ƙara cijewa. Abin da ya dace shi ne man feshi na sakin tsatsa da a ke sayarwa cikin gwangwani wurin masu kayan gyaran mota. A sauke gilashi, a zura ɗan bututunsa ta bakin tagar a fesa wajen sakata, a dakata 'yan mintoci, sa'an nan a sake gwadawa. In makulli ya ƙi murɗawa kada a kama shi da filaya, gama in ya karye a ciki aiki ya koma sabo.

Akwai kuma akasin wannan, watau ƙofa ta ƙi rufuwa, ana turawa tana dawowa. Sau da yawa ƙugiyar ce ta juya ta rufe bakinta alhali ƙofa na buɗe. Buga ta da ƙarfi lalata ta ne. A ja hannun ƙofa a riƙe, a sa sukudireba a juyo ƙugiyar waje, sai ta koma daidai.

AIKIN KANIKAWA

In duk wannan bai yi ba, to, magana ta koma ga masu sana'a, ko mai gyaran bodi, ko mai wayarin, ko mai yankan makulli, gwargwadon inda ciwon ya ke. Wahalar aikin ita ce notocin da suka riƙe sakata suna gefen ƙofa, gefen kuwa ba a ganinsa sai ƙofa na buɗe. Don haka bakanike kan sauke gilashi ya haska tocila, ya zura siririn ƙarfe mai ƙugiya ya nemi harshen ya ɗaga shi. In ya gagara sai ya cire marufin ƙofa na ciki alhali tana rufe, abin da kan sa wani lokaci a kwance kujera tukuna don a sami wurin aiki. Ƙarshen dabara shi ne a fasa sakatar daga ciki a sa wata.

A nan ya kamata 'yan taimako su yi hattara da wayar nan da a ke lanƙwasawa. A tsohuwar Fijo ta yi amfani. A motar yanzu cikin ƙofa akwai wayoyin gilashi da na madubi, a waɗansu ma har da na'urar da ke tayar da jakar iska ta gefe. Waɗansu motocin Jamus kuma suna da kulle mai ninki biyu, wanda in aka kulle daga waje ko hannun ciki ba ya aiki, balle waya. Mai lalube a makance ya kan tsinka abin da kuɗinsa ya ninka na sakatar.

Sa'an nan kasuwa ba gida ba ce. Mutumin da aka hango yana cusa waya a ƙofar mota cikin taro, in wani ya yi kuskuren ihun ɓarawo, kafin ya ciro takarda ya nuna motarsa ce mai afkuwa ta afku. Hankali shi ne a fara sanar da mai gadin wurin, ko masu shagunan da ke kusa, ko ɗan sanda, a yi aikin a gaban shaidu. Shi kuma mai sana'a haƙƙinsa ne ya nemi ganin takardun mota kafin ya buɗe wa wanda bai sani ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

IN DA RAI A CIKI

Duk abin da aka zana a sama na motar da babu kowa cikinta ne. In yaro ne a ciki, gilasai a rufe, to, lissafi ya canza sarai. A 2005 mujallar likitocin yara ta Amurka, mai suna Pediatrics, ta buga wani bincike da aka yi a California, wanda ya nuna cewa zafin cikin motar da ke rana kan ƙaru da kimanin digiri 22 cikin awa ɗaya, kashi 80 cikin 100 na ƙarin kuwa cikin rabin awar farko ya ke aukuwa. An kuma gano cewa ɗan sassauta gilashi ba ya hana wannan. A Gombe zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa, mai karatu sai ya haɗa lissafin da kansa. Jikin ƙaramin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar.

A Amurka yara fiye da 900 suka mutu ta wannan hanya tun daga 1998. Nijeriya ma ba ta tsira ba. A Disamba, 2021, a yankin Badagry na Jihar Legas, an tarar da gawawwakin yara 8 cikin wata mota da aka ajiye, 'yan sanda suka ce sun shiga wasa ne ƙofa ta kulle da su. Irin motocin nan da aka jingine a kan duwatsu suna nan a lunguna da bakin garejoji a kowace unguwa, daga Jekadafari har Pantami. Mai irin wannan mota ko dai ya kulle ta sosai ya ɓoye makullin, ko ya sayar da ita. Yaro kuma in ya ɓace a unguwa, a fara duba motocin da ke kusa kafin a tafi cigiya nesa.

To, in an ga yaro a kulle yana gumi, ko ya fara galabaita, ko ya daina amsa kira, ba a jiran bakanike, ba a kuma jiran a aika gida a ɗauko makulli na biyu. A zaɓi tagar gefe wadda ta fi nisa da yaron, a doki kusurwarta ta ƙasa da abu mai tsini, kamar bakin sukudireba ko ƙarfen cire taya. Tsakiyar gilashi ta fi jure duka, kusurwa ce lagonsa. Kada a ɓata lokaci kan gilashin gaba, gama shi da roba a tsakaninsa, ya kan tsage amma ba ya zubewa. Waɗansu sababbin motoci ma tagoginsu na gaba irinsa ne, in ɗaya ta ƙi sai a koma ta baya. In an fito da yaro a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Wanda bai farfaɗo sosai ba kada a ɗura masa ruwa a baki. Ana sayar da gilashi a kasuwa, sabo da na hannu, amma ba a taɓa jin shagon da a ke sayar da rai ba.

MOTOCIN HAYA

Wurin da sakaci ya fi yawa shi ne tasha. Kowane matafiyi ya san motar da in an iso sai yaron mota ya zagayo yana cewa, "Baba, dakata in buɗe maka ta waje." Ya san wadda aka ɗaure ƙofarta da igiya, da wadda aka cire mata hannun ciki aka bar guntun waya, da bas ɗin da ƙofarta mai zamewa ba ta motsi sai an ɗaga ta an girgiza saboda yashi ya cika hanyar tayoyinta. An saba da abin har ya zama na raha. Amma ran da mota ta kife, ko wuta ta kama, yaron motar da ya san sirrin ƙofa mai yiwuwa ne shi kansa yana kwance yana neman taimako, fasinja kuwa suna ciki suna jan hannun da ba ya aiki.

Hukumar Kiyaye Haɗarurruka ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, da ma'aikatan duba lafiyar motoci, da shugabannin ƙungiyar direbobi, duk suna da abin yi a nan. Gwada ƙofofin mota huɗu ciki da waje ba ya cin minti biyu. In da za a mai da shi sharaɗi kafin a ba mota layin lodi, da direbobi sun gyara cikin mako guda. Fasinja ma yana da iko, tun kafin ya biya kuɗi, ya gwada ƙofar da zai zauna kusa da ita, in ba ta buɗuwa ta ciki ya ce a sake masa mota.

Kada kuma a ɗauka wannan ciwon tsofaffin motoci ne kaɗai. A Satumba, 2025, hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta buɗe bincike kan motocin Tesla Model Y na 2021, bayan iyaye sun kai ƙara cewa hannun ƙofa mai aiki da lantarki ya mutu alhali 'ya'yansu na ciki, har waɗansu sai da suka fasa gilashi. Watau ko sabuwa ce fil, mai ita ya nemi sanin inda hannun gaggawa ya ke tun kafin ranar bukata.

Rigakafin dai ba shi da tsada. Bayan hunturu da bayan damina a wanke sakata a sa mata sabon giris kaɗan, a buɗe ramukan ƙarƙashin ƙofa, a riƙa sa makulli a ramin ƙofa lokaci-lokaci ko da rimot na aiki, a kuma ajiye makulli na biyu inda za a same shi. Kada a miƙa wa yaro makulli ya yi wasa cikin mota, kada kuma a bar shi ciki da sunan za a shiga kasuwa a fito yanzu, gama cinikin kasuwar Gombe ba ya ƙarewa a minti biyar. Ƙofa ba ta cijewa rana ɗaya. Ta kan fara da tauri, ko sai an ja sau biyu, ko sai an buga da ƙarfi kafin ta kama. Ran da aka ga haka, ran nan ya kamata a kai ta gareji, tun tana buɗuwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.